Shin Ko Kun San? Abin Da Ke Bayan Manyan Finafinan Da Suka Tashi Kan Duniya

Yau sinima muka nufa. Daga 2022 zuwa 2025 an saki finafinan da suka cika gidajen kallo maƙil tun daga Amurka har China, kuma da yawanmu mun gan su: wasu a babban allo, wasu a waya bayan an tura musu a shago, wasu kuma sai da aka fassara da Hausa. Abin da ba ya fitowa a allo shi ne gumin da aka zubar kafin hoton ya iso gare mu. Ga kaɗan daga ciki, haɗe da ra'ayina a kan kowane fim a matsayina na ɗan kallo mai ƙaunar harkar. Wanda nasa ra'ayin ya saɓa da nawa, ai kowa da gwaninsa.

Oppenheimer (2023)

Shin ko kun san cewa zaren da aka naɗe wannan fim a kansa, na manyan allunan IMAX, tsawonsa ya kai kusan kilomita 18, nauyinsa kuma ya doshi kilo 270? Gidajen sinima 30 kacal ne a duk duniya suka iya haska shi a haka. Da darakta Christopher Nolan ya ce yana son wasu sassan su fito baƙi da fari, sai da kamfanin Kodak ya ƙera masa irin zaren musamman, don ba a taɓa yin sa ba kafin nan.

Shin ko kun san cewa fashewar gwajin bam ɗin nukiliya na ranar 16 ga Yuli, 1945, wadda ita ce zuciyar fim ɗin, ba kwamfuta ce ta zana ta ba? Wuta ce ta gaske aka tayar da fetur da gas da garin alminiyam, aka ɗauke ta ta yadda za ta yi girma a ido. Wurin da ya fi kama ni shi ne lokacin da aka danna maɓalli. Haske ya mamaye fuskoki, kowa ya saki baki, ba ka jin komai sai numfashin mutane. Har ka fara tsammanin sautin ya lalace, sannan ƙarar ta iso ta girgiza kujera. Haka abin yake a zahiri, haske yana riga ƙara isowa.

Shin ko kun san cewa mafi yawan yuraniyom ɗin da aka ƙera bam ɗin Hiroshima da shi daga Afirka aka haƙo shi, a mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kongo, lokacin tana hannun Beljiyam? Fim ɗin bai nuna mahaƙan nan ba, bai kuma nuna mutanen Hiroshima da Nagasaki da wutar ta faɗa wa ba, kuma wannan giɓi ne babba a wurina. Duk da haka aiki ne na ƙwararru. Awa 3 ne, galibinsa magana, saboda haka mai neman faɗa da tsere ya nemi wani. Ya ci lambobin Oscar 7.

Godzilla Minus One (2023)

Shin ko kun san cewa a daren da Oppenheimer ya kwashi lambobinsa, wani fim daga Japan, ƙasar da aka jefa wa bam ɗin, shi ne ya ci lambar siddabarun kwamfuta? Mutum 35 ne kawai suka yi wannan aiki, kuɗin da aka kashe wa fim ɗin gaba ɗaya bai wuce dala miliyan 15 ba, amma ya kayar da finafinan Amurka da aka narka wa sama da miliyan 200. Daraktan, Takashi Yamazaki, shi ya rubuta labarin, shi kuma ya jagoranci masu zanen.

Shin ko kun san cewa tun asali dodon nan tsoron nukiliya ne ya haife shi? Fim na farko ya fito a 1954, watanni kaɗan bayan tokar wani gwajin bam na Amurka a tsibirin Bikini ta zubo wa wasu masunta 'yan Japan a cikin jirginsu.

Na shiga kallo don dodo, na fito ina tunanin mutane. Labarin wani matuƙin jirgin yaƙi ne da aka tura ya je ya mutu, ya ƙi, ya dawo Tokyo ya tarar gari ya zama toka, iyayensa sun rasu. Sai ga shi yana riƙon wata budurwa da wata jaririya marainiya waɗanda ba su haɗa jini da shi ba, su ma ba su haɗa da juna ba. A cikin duk finafinan da zan ambata yau, wannan ne na fi so kowane mai shirya fim a Kano ya zauna ya nazarta.

Barbie (2023)

Shin ko kun san cewa rana ɗaya aka saki Barbie da Oppenheimer, 21 ga Yuli, 2023, kuma maimakon ɗaya ya kashe wa ɗaya kasuwa, sai mutane suka riƙa kallon duka biyun a yini guda? Barbie ya tara dala biliyan 1.4, ya fi kowane fim a shekarar, Greta Gerwig kuma ta zama mace ta farko da ta ba da umarnin fim ita kaɗai har ya haura biliyan 1. Masu gina dandalin sun kwashe duk fenti ruwan hoda na irin da suke so da kamfanin Rosco ke da shi a ajiye. An hana haska fim ɗin a Kuwait saboda dalilan tarbiyya, a Vietnam kuma saboda wata taswira da ta taɓo rikicin tekunsu da China. Iyaye su lura: sunan 'yartsana ne a kansa, amma zancen ciki na manya ne, muhawara ce kan matsayin mace da namiji a rayuwar Amurkawa. Kwalliyarsa ta burge ni fiye da labarinsa.

Top Gun: Maverick (2022)

Shin ko kun san cewa fuskokin da kuke gani suna yamutsewa a cikin jirgin yaƙi ba wasan kwaikwayo ba ne? An zaunar da jaruman a kujerar baya ta jiragen F/A-18 na gaske, matuƙan sojan ruwan Amurka suna tuƙi, aka girka kyamarori 6 a cikin kowane jirgi. Tun da darakta ba shi da wurin zama a sama, jarumi da kansa yake kunna kyamara, ya duba haske, ya gyara fuska, ya faɗi maganarsa, alhali cikinsa na juyawa. Sai da suka yi wata 3 suna horo kafin a fara. An ɗauki hoton fiye da awa 800, aka tace shi zuwa awa 2 da 'yan mintoci. Shi kansa jarumin fim ɗin, Tom Cruise, duk da matuƙi ne mai lasisi, soja ba su yarda ya taɓa sitiyarin jirginsu ba. Tsohon jirgin da ya tuƙa a ƙarshen fim nasa ne na kansa.

Shin ko kun san cewa Tom Cruise ɗin nan yana da shekara 58 ya hau babur ya afka daga kan wani dutse a Norway, ya saki babur ɗin a iska ya buɗe lema, don fim ɗin Mission: Impossible na 2023? Kafin ranar ya yi tsalle da lema sama da sau 500, ya yi tsallen babur sau 13,000.

Labarin Maverick mai sauƙi ne, tun daga tsakiya ka san inda za a ƙare. Abin da ya ɗaga shi gaskiyar hoto ce, da kuma fitowa ɗaya tak ta Val Kilmer, wanda ciwon dajin maƙogwaro ya riga ya cinye masa murya. Kilmer ya rasu a Afrilun 2025.

Avatar: The Way of Water (2022)

Shin ko kun san cewa Kate Winslet, jarumar Titanic, ta riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa fiye da minti 7 lokacin atisayen wannan fim? Dole ce ta sa jaruman koyon haka. Da sun goya tukunyar iska, kumfar da ke fita za ta rikita kyamarorin da ke bin motsin jikinsu. Saman ruwan ma sai da aka rufe shi da ƙananan ƙwallaye farare don kada hasken fitilu ya riƙa walƙiya a ciki.

Shin ko kun san cewa daraktan, James Cameron, ya taɓa nutsawa shi kaɗai cikin wani ƙaramin jirgi zuwa wuri mafi zurfi a teku, kusan kilomita 11, a Maris ɗin 2012? Shekara 13 ya sa duniya ta jira tsakanin Avatar na farko da na biyu, kuma finafinansa 3 ne suka haura dala biliyan 2 kowanne. Harshen da shuɗɗan mutanen fim ɗin ke yi ma ba shirme ba ne, wani masanin harshe mai suna Paul Frommer ne ya tsara shi da nahawunsa.

A babban allo abin kallo ne da ba a mantawa. A waya kuwa rabin armashinsa ya tafi, sai tsawonsa na awa 3 da minti 12 ya fito fili. Saƙonsa dai ya zauna mini: uba ne da ya kwashi iyalinsa ya yi gudun hijira zuwa cikin wata ƙabila, 'ya'yansa suna fama da gorin baƙunta.

Dune: Part Two (2024)

Shin ko kun san cewa kwararowar hamada ce ta haifi wannan labari? A 1957 marubucin littafin, Frank Herbert, ya je garin Florence a jihar Oregon don ya rubuta rahoto kan yadda ake dasa ciyawa a tsayar da tudun yashi da ke neman binne hanyoyi. Rahoton bai fito ba, amma littafin Dune ya fito a 1965. Mutanen Yusufari a Yobe da na Gure a Nijar, waɗanda rairayi ke ci wa gonaki, sun san wannan yaƙi fiye da kowa.

Shin ko kun san cewa yashin da kuke gani na gaske ne? An ɗauki fim ɗin a Wadi Rum ta Jodan da hamadar Liwa ta Abu Dhabi. Fitowar filin dagar miyagun kuwa, inda komai ya koma fari fat da baƙi wuluk, da kyamara mai ganin hasken da idon mutum ba ya gani aka ɗauke ta. Jamis, wanda jarumin ya kashe a kashi na farko yake kuma ci gaba da gani a mafarki, ɗan Najeriya ne ya fito a matsayinsa, Babs Olusanmokun.

Musulmi zai ji kalmomin da ya sani a bakin mutanen hamadar, har da Mahadi, domin Herbert ya yi aro sosai daga Larabci da tarihin Musulunci. Abin da ya sosa mini rai shi ne an ari sutura da kalmomi da addu'a, amma babu Balarabe ko ɗaya a cikin manyan jaruman. Darasin labarin kuwa ya dace da ko'ina: baƙo ne ya zo ya tarar da mutane cikin zalunci, ya hau kan imaninsu ya kai ga mulki, ya jefa su yaƙin da ba su san ƙarshensa ba. A kalle shi da idon basira.

RRR (2022)

Shin ko kun san cewa rawar Naatu Naatu a ƙofar fadar shugaban ƙasar Yukren aka ɗauke ta, a birnin Kiev, cikin Agustan 2021, watanni 6 kafin Rasha ta afka wa ƙasar? Waƙar ta ci Oscar a Maris ɗin 2023, ta zama ta farko daga fim ɗin Indiya da ta samu wannan lamba. Wani zai ce ai Jai Ho ta ci a 2009, to amma fim ɗin da take ciki, Slumdog Millionaire, na Ingila ne.

Shin ko kun san cewa RRR ba daga Mumbai ya fito ba? Da harshen Telugu aka yi shi, a masana'antar Hyderabad ta kudu. Jaruman biyu, Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, mutane ne na gaske da suka yi gwagwarmaya a zamanin mulkin mallaka, sai dai tarihi bai nuna sun taɓa haɗuwa ba. Darakta S.S. Rajamouli ne ya haɗa su abota.

Ku dubi ƙafafun waɗanda suka fito a matsayinsu, Ram Charan da N.T. Rama Rao ƙarami, a rawar nan ta Naatu Naatu. Kafaɗa da kafaɗa, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya na shillo, ƙura na tashi, babu wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, tun zamanin da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo su Kano ake cika Plaza da Orion da El Dorado, ba mu yi mamakin yadda Turawa suka rikice a kansa ba. Ekta ya yi dambe da damisa, bos ya sha kashi, abota ta yi nasara. Akwai zuzutawa, amma an yi ta da zuciya ɗaya. Awa 3 ne da ba ka jin wucewarsu.

Pathaan da Jawan (2023)

Shin ko kun san cewa bayan fim ɗin Zero na 2018 ya faɗi a kasuwa, Shah Rukh Khan ya shafe shekara 4 bai ja fim ba, har wasu suka ce tauraruwarsa ta dushe? Sai ya dawo a 2023 yana da shekara 57, Pathaan a Janairu, Jawan a Satumba, kowanne ya haura rupi biliyan 10. Jawan ne kuma ya kawo masa lambar gwarzon jarumi ta gwamnatin Indiya a 2025, karo na farko cikin fiye da shekara 30 yana harkar.

Pathaan harbe-harbe ne da yawon ƙasashe, ka kalla ka manta. Jawan ya fi nauyi. Darakta Atlee, ɗan kudu, ya cusa masa manoman da bashin banki ke sa su kashe kansu, da yaran da suka mutu a asibitin gwamnati don babu iskar numfashi, da sojan da aka bai wa bindigogin da ba sa tashi. A ƙarshe jarumin ya fuskanci kyamara yana roƙon mutane su tambayi ɗan takara abin da zai yi musu kafin su dangwala. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Pushpa 2 (2024)

Shin ko kun san cewa jan itacen da Pushpa ke fasa-ƙwaurinsa ɗan uwan madobiya ne? Dangi ɗaya suke a ilimin tsirrai. Nasu a tsaunukan jihar Andhra Pradesh yake fitowa, namu kuma shi ne aka yi ta sarewa a dazukan Taraba ana lodi zuwa China, inda ake kujeru da gadaje masu tsada da shi. Kasuwa ɗaya ce ke cinye dazukan biyu.

Shin ko kun san cewa a daren fara haska shi a Hyderabad, 4 ga Disamba, 2024, turmutsutsun masu son ganin jarumin fim ɗin, Allu Arjun, ya yi ajalin wata mata, ɗanta kuma ya ji mummunan rauni? An kama jarumin, ya kwana a tsare, aka ba da belinsa. Allu Arjun ya iya wasa, tafiyarsa da kafaɗa a karkace ta zama abin kwaikwayon yara. Damuwata ita ce an mayar da ɓarawon daji gwarzo, an kuma ja fim ɗin har awa 3 da minti 20 ba tare da labarin ya kai haka ba.

Ne Zha 2 (2025)

Shin ko kun san cewa fim ɗin zane na farko da ya haura dala biliyan 2 ba na Amurka ba ne? Na China ne, kuma kusan duk kuɗin a cikin gida ya same su. Shi ne ma fim na farko da ya tara biliyan 1 a ƙasa guda. Ya ture Inside Out 2 na kamfanin Pixar daga saman finafinan zane, wanda ya tsaya a kusan biliyan 1.7. Daraktan, da ake kira Jiaozi, ilimin haɗa magunguna ya karanta a jami'a, zane kuma da kansa ya koya. Sama da mutum 4,000 daga kamfanoni 138 suka yi aikin.

Labarin daga wani littafinsu na ƙarni na 16 aka ɗauko shi, wanda kowane yaro a China ya san jaruminsa. Baƙo zai ɗan ɓata a cikin yawan sunaye, amma soyayyar uwa ga ɗan da gari ya tsana ba ta buƙatar tafinta. Sun koma ga tatsuniyarsu, ta kuwa biya su. Mu ma muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu.

Black Panther: Wakanda Forever (2022)

Shin ko kun san cewa Chadwick Boseman ya yi Black Panther na farko yana fama da ciwon dajin hanji, ba tare da abokan aikinsa sun sani ba? Ya rasu a Agustan 2020 yana da shekara 43. Kamfanin da ya shirya fim ɗin ya ƙi sa wani a madadinsa, sai aka sake rubuta labarin ya zama na makoki. Waƙar da Rihanna ta rera don tunawa da shi, da hannun Tems 'yar Najeriya a rubuta ta, har ta kai su takarar Oscar.

Shin ko kun san cewa finafinan biyu duk sun leƙo yankinmu? Na 2018 ya nuna dajin Sambisa, inda aka ceto matan da 'yan bindiga suka sace. Na 2022 kuma ya nuna sojojin haya masu jin Faransanci sun kai hari wata cibiya a Mali don satar ma'adini, abin da ya fusata ministan tsaron Faransa har ya fito ya yi tir. Mai tsara suturar, Ruth Carter, ta ci Oscar a duka biyun, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci sau 2. Farkon fim ɗin da ƙarshensa suna taɓa zuciya, musamman jana'izar da kowa ya sa farare. Tsakiyarsa ce ta yi cunkoso.

Sinners (2025)

Shin ko kun san cewa Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matsayin Annie, a Zariya aka haife ta a 1986, kafin iyayenta su koma Manchester? Shin ko kun san cewa darakta Ryan Coogler ya ƙulla yarjejeniyar da ba kasafai ake samu ba, cewa bayan shekara 25 mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa? Garin Clarksdale na jihar Mississippi, inda aka gina labarin, ba shi da gidan sinima, sai da aka kai musu fim ɗin har gida aka haska musu.

Tagwaye ne, duka Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu, suka dawo garinsu a 1932 suka buɗe gidan rawa, dare ɗaya masu shan jini suka kewaye su. Akwai wata fitowa da wani yaro ke kaɗa jita, sai makaɗan da da na gobe suka bayyana a ɗaki guda, har da masu ganguna na Afirka ta Yamma. Wannan kaɗai ya isa dalilin kallo. Fim ne na manya zalla, akwai jini da abubuwan da ba su dace da yara ba.

Mu dawo gida

Shin ko kun san cewa fim ɗin Najeriya na farko da ya tara naira biliyan 1 a sinima shi ne A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disambar 2023? Labarin uwa ce mai 'ya'ya 5, kowanne ubansa daga wata ƙabila, Uzee Usman kuma ya fito a matsayin Adamu, ɗanta Bahaushe. Bayan shekara ɗaya ita da kanta ta karya wannan tarihi da Everybody Loves Jenifa.

Shin ko kun san cewa sau biyu Najeriya na tura fim mai magana da Hausa gasar Oscar? The Milkmaid ne na farko, wanda Maryam Booth ta fito a ciki, sai Mai Martaba na 2024, wanda aka ɗauka a Daura, da Adam A. Zango a cikin jarumai. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma an karɓe su. Lionheart kuwa an cire shi a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa, domin ƙa'idar rukunin ita ce yawancin maganar ta kasance da wani harshe. Ke nan harshenmu jari ne a wannan fage.

Shin ko kun san cewa tun 1986 aka yi babban fim a kan Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar, wadda ta tari sojan Faransa a 1899? Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya shirya shi daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987.

Idan aka jera finafinan nan, waɗanda suka zauna a rai su ne waɗanda masu su suka yi haƙuri da aiki, suka kuma ba da labarin da suka sani ciki da bai. Kuɗi na taimakawa, amma mutum 35 na Tokyo sun nuna ba shi ne gaba ba. 'Yan uwana na Kannywood, labari muna da shi, masu kallo muna da su daga Kano har Kumasi da Khartum. Saura a ba rubutu lokacinsa, a gyara sauti, a daina gaggawar kammala fim cikin mako guda. Mu kuma 'yan kallo, in fim ɗin gida ya fito mu biya mu kalla ta halastacciyar hanya, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai ga ko ɗaya cikin waɗannan ba, ya fara da Godzilla Minus One, ya bi da RRR, sannan ya ware yammaci guda ya zauna wa Oppenheimer.